Ranar da Na Kwance wa Yayana Anka

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata a ce na riƙe. Amma yammacin Juma'ar da na kwance ɗan ƙarfen da ke haɗa anka da sarƙa a jirgin ruwan yayana, na jefa a aljihu na ƙi mayarwa, wannan kam har in koma ga Mahaliccina yana nan daram a raina. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya yi fari, amma har yau idan na tuna sai in ga kaina tsaye a kan katakon jirgin nan.

A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife mu, ni da shi. Kakanmu ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Ina aji biyu mahaifinmu ya rasu, Yaya kuwa ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, don haka shi ya zame mini uba. Shi ya kai ni wurin koyon aikin ƙarfe, shi ya nema mini aure, kuma warshar da nake walda da feƙe ƙarfe a Kudai, ruhusarta, wato lasisinta, da sunansa aka yanka. A gidanmu idan Yaya ya ce halas, wato an gama da Larabci, magana ta ƙare. Na kai shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa ce masa a'a ba, kuma ban taɓa jin hakan ya dame ni ba.

Da ya yi ritaya sai ya ba kowa mamaki, ya sayi jirgin ruwa na shaƙatawa, na hannu, ya ajiye shi a gaɓar Shu'aiba. 'Yan unguwa suka yi ta tsokanarsa, wai mutumin da ya tashi tsakanin duwatsun Makka me ya haɗa shi da bahar, wato teku. Ko a jikinsa. Ya ɗauki wani dattijo da ya ƙare rayuwarsa a teku ya zama rayyis, wato mai tuƙa jirgin. Sannan ya sa ranar Asabar zai fita da iyali duka su wuni a wani ɗan tsibiri: mahaifiyarmu, wadda a lokacin ta haura tamanin, da matarsa, da 'ya'ya da jikoki. Ya kuma gayyaci dangin mijin da 'yarsa ta aura bai fi wata biyu ba. Wannan gayyata ita ce ta fi komai nauyi a wurinsa, ni kuwa ban gane ba sai daga baya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauke ni a motarsa, in je in ƙara wa matakalar jirgin ƙarfen dafawa saboda Umma. Aikin bai ci mini awa biyu ba. Na gama, ina naɗe waya, sai idona ya sauka a kan ankar da ke rataye a goshin jirgin. Anka ita ce ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa ƙasan ruwa ya kama ƙasa, don kada jirgi ya tafi. Tsakaninta da sarƙarta akwai wani ɗan mahaɗi mai juyawa, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, aikinsa ya hana sarƙa murɗewa. Ni dai majuyi nake ce masa. Na farin ƙarfe ne, yana ta ƙyalli kamar cokalin amarya, bakinsa biyu sun rungume wuyan ankar, noti ɗaya tak ya ratsa su.

Halin mai aikin ƙarfe ne, ba ya wuce abu bai shafa ba. Na bi bakin nan biyu da babban yatsa, sai na ji ba su daidaita ba, ɗaya ya ɗan buɗe waje. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin kan notin. Wani siririn layi na gani, ruwan ƙasa, kamar an ja shi da gashi ɗaya. Na san irin wannan layi. Farin ƙarfe ba ya nuna ciwonsa a waje, daga ciki yake ruɓewa, ranar da zai tafi kuwa ba ya sallama.

Na kira su. Yaya ya fito daga ɗakin jirgin da kofin shayi a hannu, rayyis na biye da shi. Na nuna musu, na ce wannan majuyin ya gaji, kuma tun farko ma ya yi wa jirgin ƙanƙanta. Na ce an kuma ɗaura shi kai tsaye a wuyan anka, don haka duk sanda jirgi ya karkata, ta gefe ake jansa, inda ba shi da ƙarfi.

Rayyis ya dube ni daga sama har ƙasa ya yi murmushi. Da Larabci ya tambaye ni, da sunan da suke kiran mai sana'a, "Ya usta, sau nawa ka taɓa fita bahar?"

Na ce, "Ko sau ɗaya."

"To ni shekara arba'in ina ciki. Wannan abin ya riƙe jirgin nan tun kafin ɗan'uwanka ya saye shi."

Na ce masa gaskiya ne ban san teku ba, amma na san ƙarfe, kuma ƙarfe bai damu da a ina aka haifi mai duba shi ba. Na juya ga Yaya na ce a ɗaga tafiyar zuwa mako mai zuwa, in shiga Jidda in nemo babba mai kyau in ɗaura. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Mafi mushkila, ba damuwa, bayan mun dawo ka canja." Na sake cewa, Yaya, tsibirin nan an ce duwatsun murjani ne kewaye da shi, idan abin nan ya tsinke yara suna cikin ruwa, Umma tana zaune a ciki, iska za ta kai jirgin kan dutse kafin a tada inji. Ya ce in bar kawo mugun fata. Da na buɗe baki karo na uku sai ya ɗaga hannu.

"Halas. Tattara kayanka mu tafi."

Suka koma ciki suka bar ni a tsugune. Rana ta yi sanyi, ruwan nan ya kwanta luf, kore shar, har kana hango ƙananan kifaye a ƙasa. Ban san minti nawa na yi a wurin ba. Abin da na sani shi ne na ga fuskar Umma, yadda tun farkon mako take ta tambaya ko za ta iya taɓa ruwan da hannunta. Na buɗe jakar aiki na zaro alanki, abin kwance noti. Notin ya yi gardama, na sa masa ƙarfi, ya saki. Na ɗaure ankar da igiya don kada ta faɗa ruwa, na zare majuyin daga sarƙa.

Zan iya ɓoye shi in yi shiru, gobe da asuba su zo su tarar babu. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ga idan na yi haka na zama ɓarawo, ni kuwa ba sata na zo yi ba. Na shiga ɗakin na tsaya a bakin ƙofa, na ɗaga shi sama.

"Yaya, na cire. Kuma ba zan mayar ba."

Yayana yana da wata ɗabi'a: idan ya ɗan ji haushi Larabci yake yi, amma idan ransa ya ɓaci na gaske, Hausar mahaifinmu ce ke dawo masa tsantsa. Ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Kai, me ka ce?"

Na maimaita. Rayyis ya miƙe yana salati, ya ce ba shi da wani mahaɗi da zai shiga sarƙar nan, shaguna kuma yau a rufe suke, kuma shi ba mahaukaci ba ne da zai fita da mata da yara ba anka. Yaya ya miƙo hannu.

"Ba ni."

"Ba zan bayar ba, Yaya."

"Ni kake faɗa wa haka? Ni da na goya ka? Na gayyaci surukaina, an yanka rago, kai kuma ka zo ka mai da ni abin dariya saboda wani layi da ba mai ganinsa sai kai?"

Na ce ya yi haƙuri, amma ko duka zai yi sai dai ya doke ni. Sai ya ƙura mini ido, ya jefo maganar da ban taɓa zaton zan ji daga bakinsa ba: "Ka tuna ruhusar warshar nan da sunan wa take."

Na sa hannu a ɗaya aljihun na ciro makullan warsha, na aza su kusa da kofinsa. Na ce, "Ga su. Warsha taka ce. Wannan kuwa ba zai koma jikin sarƙar nan ba."

Ya kwashi makullan ya fita. Ina tsaye na ji tashin motarsa. A nan ya bar ni, da jakar aiki da injin walda, tafiyar fiye da awa guda daga gida. Wani mai sayar da kifi ne ya tausaya mini, na hau bayan motarsa na zauna tsakanin akwatunan ƙanƙara. Muka tsaya a hanya muka yi magariba. Da na shiga gida matata ta toshe hanci ta ce, "Wai walda ka je yi ko su?" Da na ba ta labari sai dariyar ta ɗauke. Ta tambaye ni da me za mu ci abinci idan ya rufe warshar. Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan, ban sani ba.

Washegari da hantsi Umma ta aiko a kira ni. A gidan Yaya take zaune, a Zahir. Na shiga na tarar da tukwanen shinkafa da naman da aka dafa don tafiya jere a tsakar gida, yara sun yi cirko-cirko da kayan wanka a hannu, ba wanda ya gaishe ni da fara'a. Matar Yaya ta amsa sallamata a daƙile. Na wuce ɗakin Umma na durƙusa. Yaya na zaune a gefe, ya juya fuska ga bango.

Umma ba ta amsa gaisuwata ba sai da ta gama jan carbinta. Sannan ta ce, "Tun da na zo gidan ubanku ban taɓa ganin ƙarami ya tsaya gaban babba ya ce ba zai yi ba. Sai a kanka? Da asuba ɗan'uwanka ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri kamar mai laifi. Ba shi haƙuri, ka mayar masa da kayansa."

Na ce, "Umma, haƙuri zan ba shi sau ɗari idan kina so, don na ɓata masa rai a gaban baƙo. Amma ƙarfen nan ba zan mayar ba."

Ban taɓa musa wa Umma ba, ita ma ta san haka. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo hannu ta ce in nuna mata abin da ya raba mata 'ya'ya. Na ciro na aza mata a tafi. Ta juya shi, ta auna nauyinsa.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne, Umma."

"Ni ban ga komai a jikinsa ba. Kai ka ce ya lalace, shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Za ka iya nuna mini da idona?"

Na ce zan iya, amma sai a warsha, makullai kuwa ba sa hannuna. Ta juya ga Yaya ta ce, "Ɗauko mota." Ya fara cewa Umma zafi ya yi yawa, wurin kuma duk baƙin mai ne. Ta ce ba shawararsa ta nema ba, ta jawo mayafinta.

Haka muka tafi Kudai mu uku. Yaya ya buɗe ƙofar da hannunsa. Na goge kujera na zaunar da Umma nesa kaɗan, na kunna mata fanka. Na samo wani faffaɗan ƙarfe mai kaurin wuyan anka, na huda shi, na kafe shi a jikin teburin aiki wanda ke dashe a siminti. Na ɗaura majuyin a jikinsa da notinsa na asali, ɗaya gefen kuma na maƙala masa sarƙar injin da muke ɗaga injin mota da shi.

Na fara ja a miƙe. Sarƙa ta ɗaure tamau, teburin ya yi ƙara. Na ƙara, na ƙara, har gumi ya jiƙa mini riga. Majuyin nan ko gezau. Yaya ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce, "Umma, kin gani ko? Saboda wannan aka hana ki ganin bahar."

A nan ne, ba a jirgin ba, na ji tsoro na gaske. Na ce a raina, idan fa layin nan datti ne kawai? Idan na zubar da mutuncin yayana, na rasa wurin neman abincina, a kan ƙarya? Amma hannuna ya riga ya ji abin da ya ji a bakin ƙarfen nan, kuma shekara talatin hannun nan bai taɓa yaudarata ba.

Na ce, "Ban gama ba. Jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Iska tana juya shi, anka kuwa idan ta maƙale a dutse ba ta juyawa." Na sassauta sarƙar, na matsar da injin gefe, yadda jan zai zo a karkace. Na ce wa Umma ta kare fuskarta. Da hannu ɗaya na ja. Sau ɗaya, sau biyu. A na huɗu sai muka ji ƙas! Kan notin ya tashi kamar harsashi ya bugi ƙofar kwano, bakin majuyin ya wage, sarƙar ta zube a ƙasa.

Na tsinto guntun na kai wa Umma. Inda ya karye, kusan duka ruwan ƙasa ne, ya ruɓe kamar tsohon itace. Ɗan siririn gefe ne kawai yake fari, iyakar abin da ke riƙe da jirgin ke nan. Ta kawo shi kusa da idonta ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai ta miƙa wa Yaya.

Ya karɓa, ya duba, ya ajiye a kan teburi. Na zaci zai ce wani abu mai sanyi. Abin da ya ce shi ne, "Da sai ka same ni a keɓe, ba a gaban bare ba."

Na ce, "Sau uku na faɗa maka, Yaya."

Ya kama hannun Umma ya kai ta mota. Da suka tafi sai na ga makullan a kan teburi, kusa da karyayyen notin. Bai ce ya bar mini ba, ni ma ban kira na tambaya ba.

Ranar Lahadi na rufe warsha na shiga Jidda. Na zaga shagunan kayan jirgi har na sami majuyi babba, wanda aka buga ƙarfin da zai iya ɗauka a jikinsa. Na sayi guntun sarƙa mai zobe huɗu da mahaɗai biyu masu kauri. Daga can na wuce Shu'aiba ni kaɗai, ba wanda ya aike ni. Wannan karon ban ɗaura majuyin a wuyan anka ba. Guntun sarƙar na sa a tsakani, yadda duk inda jirgi ya juya, sarƙar ce za ta lanƙwasa, shi kuwa jan zai zo masa a miƙe. Kowane noti na ɗaure shi, na kuma ratsa shi da waya don kada ya kwance.

Ina cikin aikin rayyis ya iso. Ya tsaya a kaina. Na ciro karyayyen daga jaka na miƙa masa. Ya juya shi ya juya, ya kankare ruɓaɓɓen wurin da farce. Can ya ce, a hankali, watan jiya ya wuni da jikokinsa a kan ankar nan. Daga nan ya naɗe hannun riga ya durƙusa ya riƙe mini sarƙa har na gama. Da zan tafi ya ce, "Ya usta, ka leƙa mini notocin injin ma." Na leƙa.

Bayan mako biyu aka yi tafiyar. Ba a gayyace ni ba, ni ma ban je ba. Ina warsha ina walda ƙofar wani gida suka wuce. Umma ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ta taɓa ruwan, har ta ɗanɗana, gishiri ne zalla. Ta ce bayan azahar iska ta canja, jirgin ya juya ya fuskanci inda ya ba wa baya, yara suna ta wasa a ruwa ba su ma lura ba. Na tambaye ta, sai me ya faru? Ta ce, "Ba abin da ya faru. Muka ci abinci muka dawo."

Wata uku Yaya bai yi mini magana ba. Ranar sallar layya na je gaishe shi kamar kullum, ya matsa mini wuri a kan tabarma, ya tura mini farantin nama, shi ke nan. Cikin shekarar na yi ta zirga-zirgar takardu har na mai da ruhusar warsha da sunana, ya sa hannu bai tambayi dalili ba. Umma ta rasu bayan shekara biyu, a kan gadonta, muna zagaye da ita. Har yau idan hira ta kawo zancen, Yaya cewa yake na kunyata shi a gaban surukai. Ni kuma in ce masa, da za a mai da ni yammacin nan, da alankin nan zan sake ɗauka. Sai a zuba shayi.

Abin da na koya shi ne girmama babba daban, yi masa shiru daban. Na yi shekara arba'in ina haɗa su wuri ɗaya. Idan Allah ya sanar da kai abin da sauran mutanen wurin ba su sani ba, to kai za a tambaya, ba wanda ya fi ka shekaru ba. Kuma kada ka jira godiya, domin wanda ka tare wa masifa ba ya ganinta, ɓacin ran da ka jawo masa kawai yake gani. Ni dai na karɓi fushin wata uku da hannu biyu. Uwata ta taɓa teku ta dawo gida da ƙafarta, wannan ya ishe ni.